Sakata da Ƙugiya: Bindigar Soja a Barikin Kaduna

Kaduna ba tsohuwar alkarya ba ce irin su Kano da Katsina da Zariya. Ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofofi masu tarihi. Jirgin ƙasa da soja su ne suka haife ta. Bayan da hanyar jirgi ta isa Kano cikin 1911, sai Gwamna Lugga ya ga Zungeru ta yi nisa da manyan ƙasashen sarakuna, ga zafi, ga sauro. Aka zaɓi wani fili a arewacin kogin Kaduna, kusa da inda jirgi ke ƙetare ruwa. Soja aka fara turowa wajen 1913, suka sare daji, suka kafa bariki, sa'an nan cikin 1917 ma'aikatan Gwamnati suka biyo su, Kaduna ta zama babban birnin Arewa.

Waɗannan soja na rundunar nan ne da Lugga ya kafa cikin 1897, wadda daga baya aka sani da rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma. Yawancinsu 'yan Arewa ne, da Hausa kuma a ke magana da su a bariki. Daga Yaƙin Duniya na Farko har bayan samun mulkin kai cikin 1960, bindiga iri guda ce a kafaɗarsu, watau Lee-Enfield, mai cin harsashi .303. An yi ta rubuta labarin yaƙe-yaƙen da suka yi da ita. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yaƙin da su ke yi kullum safiya don kada ta cije musu ranar da su ke bukatarta. Gama ƙarfin bindigar soja ba a harbin farko ya ke ba. Kowace bindiga ta iya harbi guda. Abin da ke raba mai rai da gawa a bakin daga shi ne ko za ta tofar da kwanson da ta harba, ta karɓi wani.

YADDA A KE SAMUN CIJEWA

Bindigar da kakanni suka sani, wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki, ba ta da wannan damuwa. Wahalarta wajen ɗuri ta ke: a zuba albarushi, a sa tsumma, a danna da sanda. In ta tashi, ba abin da ya rage a cikinta sai toka. Da Turawa suka ƙago bindiga mai ɗuri ta baya, sai suka haɗa albarushi da dalma cikin kwanso guda na tagulla. Ɗuri ya yi sauƙi, amma aka sami sabon aiki, watau fitar da kwanson bayan harbi.

Ga yadda abin ya ke. A ƙarshen bututun bindiga ta wajen mai harbi akwai wani ɗan rami da aka yi daidai jikin harsashi, shi ne makwanci. Abin da ke tura harsashi cikin makwanci ya kuma kulle shi, wani ƙarfe ne mai mariƙi, kamar sakatar ƙofa. A kan ɗaga mariƙin, a ja baya, a tura gaba, a kwantar da shi. A goshin sakatar nan akwai wata 'yar ƙugiya, ba ta fi farcen ɗan yatsa ba, wadda ke kama leɓen kwanso. In aka ja kunama, allurar da ke cikin sakata ta sari gindin harsashi, albarushi ya kama, sai iskar wuta ta bugi kwanson da ƙarfin da ya wuce tan 18 a kan kowane inci murabba'i. Tagulla ta kumbura, ta manne da bangon makwanci, ta hana wuta komowa fuskar mai harbi. Da ƙarfin ya wuce, sai ta ɗan tsuke, ta saki bangon. Wannan 'yar tsukewa, wadda ido ba ya gani, ita ce ke ba ƙugiya damar jawo kwanso waje. Duk abin da ya hana ta, ko tsatsa, ko ƙura, ko busasshen mai, ko mugun harsashi, to, ya kulle bindiga, ya bar soja riƙe da sanda mai nauyin laba 9.

DARASIN SUDAN DA NA KANADA

Ingilishi ba su san wannan a banza ba, sai da suka biya da rayuka. Bindigar da sojansu suka riƙe tun daga 1871 ita ce Martini-Henry, mai cin harsashi ɗaya ɗaya. Kwansonta na farko da siririn fallen tagulla a ke naɗe shi kamar tabarma. Sa'ad da suka tafi Sudan yaƙi da mutanen Mahadi cikin 1884 da 1885, rairayi da zafin harbi suka haɗu, fallen nan ya riƙa mannewa cikin makwanci. Wani lokaci abin fitar da kwanso ya tsinke gindin, ya bar sauran a ciki. Bayan gwabzawar Abu Klea cikin Janairu 1885, inda masu māsu da takubba suka kutsa cikin sahun Ingilishi, kuka ya yi yawa a kan bindigogin da suka cije. Daga nan aka koma yin kwanso da tagulla guda wadda a ke miƙarwa a inji, aka kuma ƙara wa mariƙin bindigar tsawo don ya ƙara ƙarfin ja.

Cikin 1888 suka karɓi bindiga mai sakata wadda James Paris Lee ya ƙago, aka gyara bututunta a ma'aikatar Enfield cikin 1895, sunan nan biyu suka haɗu suka zama Lee-Enfield. Gajeruwarta da aka fitar cikin 1907 ita ce ta yi Yaƙin Farko. Tana ɗaukar harsashi 10, a kan ɗura su biyar biyar. Sojan da ya ƙware a kan bukace shi ya yi harbi 15 masu saiti cikin minti guda. Masu ƙera ta da gangan suka bar makwancinta da ɗan yalwa, sakatarta da ɗan sakwa-sakwa, don in datti ya shiga ya sami wurin zama. Masu harbin gasa sun raina ta saboda haka, amma yaƙi ya nuna gaskiyar maƙeranta.

Mutanen Kanada su ne suka gwada ɗaya hanyar. Suka tafi Faransa da Beljiyam da bindigarsu ta gida, mai suna Ross, wadda ta fi Lee-Enfield saiti a filin gasa. An yi makwancinta a matse ƙwarai, daidai harsashin da a ke yi a Kanada. Da aka ba su harsashin Ingila na lokacin yaƙi, wanda awonsa bai kai wancan daidaito ba, ga kuma taɓon ramuka, sai sakata ta riƙa ƙin buɗewa bayan 'yan harbe-harbe. A yaƙin Ypres cikin Afrilu 1915, sa'ad da Jamusawa suka sako iska mai guba suka biyo bayanta, an ga sojan Kanada suna dukan sakata da dugadugan takalmi da shebur, waɗansu suka jefar da tasu suka ɗauki Lee-Enfield daga hannun matattun Ingilishi. Aka yi ta ƙara wa makwancin faɗi, abin bai gyaru sosai ba. Kafin ƙarshen 1916 an janye Ross daga hannun sojan ƙasa, Ministan soja Sam Hughes, wanda ya tsaya mata tsayin daka, ya bar kujerarsa cikin Nuwamba na shekarar.

A daidai wannan lokaci sojan Nijeriya suna nasu yaƙin da Jamusawa a Kamaru, inda Garwa ta faɗi cikin Yuni 1915, dutsen Mora kuma ya miƙa wuya cikin Fabrairu 1916. Daga nan aka kai su Afirka ta Gabas, suka sha damina a bakin kogin Rufiji, suka yi mummunan karo a Mahiwa cikin Oktoba 1917. Waɗanda suka komo su ne suka zama saje da samanja na barikokin Kaduna da Zariya, su ne kuma suka hori na baya.

ABOKAN GABA BIYU: HUNTURU DA DAMINA

Ƙasar Kaduna ta tanadar wa bindiga abokan gaba biyu, kowane da lokacinsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busowa daga Hamada da ƙura mai laushi kamar garin alkama, wadda ba ƙofa ko taga da ke tare ta. In ta sami mai a jikin sakata sai su haɗu su zama wani baƙin kwaɓi, ya nauyaya ta, ya kuma riƙa cin ƙarfe kamar dutsen wāshi. Daga wajen Mayu zuwa Oktoba kuwa ruwa ne, kimanin inci 50 a shekara, da laima mai sa ƙarfe ya yi ja cikin dare guda. Maganin ɗaya shi ne cutar ɗaya: man da ke kare bindiga da damina shi ne ke kama ƙura da hunturu. Saboda haka ƙa'ida ita ce, a shafa mai kaɗan lokacin laima, a goge shi ƙaf lokacin ƙura. Mai kuwa sai wanda aka bayar don bindiga. Man gyaɗa da man ja da sauran man girki su kan daskare su yi danƙo in sun daɗe, su riƙe sakata kamar an liƙe ta da ƙaro.

Akwai kuma abokin gaba na uku, wanda ke cikin harsashin kansa. Sinadarin da ke gindin harsashin soja na wancan zamani, wanda allura ke sara ya ba da wuta, ya kan bar wani irin gishiri cikin bututu da makwanci bayan harbi. Gishirin nan ya kan jawo laima daga iska, tsatsa ta fara a ƙarƙashinsa, ko da an shafe shi da mai. Mai ba ya narkar da gishiri, sai ruwa. Shi ya sa dokar sojan Ingila, wadda rundunar Nijeriya ke bi, ta ce duk ranar da aka yi harbi sai a sa mazurari a kwarara tafasasshen ruwa cikin bututu, a busar, sa'an nan a shafa mai. Wanda bai sani ba ya kan yi mamakin ganin soja suna yi wa ƙarfe wanka don gudun tsatsa, alhali kuwa dabarar ke nan.

Tun daga 1924 a Zariya a ke horon kurata, daga can a rarraba su bataliyoyi. Kafin kurtu ya harba ko da harsashi guda, sai ya san abin da ke cikin ɗan ramin gindin bindigarsa: kwalbar mai ta tagulla, da igiya mai ɗan nauyi a baki, wadda a ke zura wa ƙyalle mai tsawon inci 4 da faɗin inci 2 a ja ta cikin bututu. Igiyar nan tana share bututu, amma ba ta cika taɓa bangon makwanci ba, gama ya fi bututu faɗi. Don haka akwai wani ɗan tsinken itace da a ke naɗa wa ƙyalle a murza a ciki. Sojan da ya yi wa bututu ƙal ya manta da makwanci, ya share tsakar gida ne ya bar ɗakin kwana. Wajen fareti, in aka zo dubawa, kowa ya kan buɗe sakata ya sa babban yatsansa a bakin makwanci, farcen ya mai da haske cikin bututu, hafsa ya leƙa ta baki. Ɗigon tsatsa guda ya isa a rubuta sunan mutum.

Wani abin da a ke tsananta wa kuma shi ne lamba. Kowace sakata an buga mata lambar bindigarta, domin a ma'aikata aka daidaita su da juna. In soja goma suka zube sakatunsu a tabarma guda suna sharewa, aka yi musaya, kowace za ta shiga, za ta kuma kulle, amma zaman ba zai zama nata ba. Irin wannan kuskure ba ya bayyana sai ranar harbi.

YADDA MAƘERIN SOJA KE BIN SAWUN CUTA

Kowace bataliya tana da maƙerinta na bindiga, shi kaɗai ke da iznin kwance abin da ya wuce sakata da gidan harsashi. Aikinsa ya fi kama da na mai bin sawu bisa ga na mai dukan ƙarfe a maƙera. In aka kawo masa bindigar da ta cije, abin da ya kan fara yi shi ne ya juya bakinta inda ba kowa, ya cire gidan harsashi, ya tabbata ko abin da ke cikin makwanci kwanso ne ko harsashi mai rai. In mai rai ne, haram ne a zura sanda ta baki a buga. Bayan wannan sai tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko: sakata tana nauyi ne ko da bindiga ba kome a cikinta, ko kuwa sai an harba? In tana nauyi a wofi, laifin yana jikinta ko hanyar da ta ke bi: daskararren mai, ko yashi, ko wani ɗan tudu da ƙarfe ya yi inda aka taɓa dukansa, ko wata ƙusa da aka ɗaure fiye da kima ta leƙo ciki. Yawancin wannan kananzir da tsumma sun isa.

Ta biyu: in sai an harba ta ke cijewa, a ina ta ke tsayawa? Ɗaga mariƙi ba buɗe kulle kaɗai ya ke yi ba. An yi wa ƙarfen wata 'yar gangara wadda ke sa sakata ta ɗan ja baya da ƙarfi tun mariƙi yana hawa, ta ɓamɓare kwanso daga bango. In mariƙi ya ƙi hawa, ko ya hau rabi ya tsaya, to, kwanso ya manne, sai a nemi dalili a makwanci ko a harsashi.

A nan ne maƙeri ke neman kwanson da aka harba, gama shi ne shaidan da ba ya ƙarya. Tagulla ta fi ƙarfe taushi, duk abin da ke bangon makwanci sai ta ɗauko hotonsa. In jikin kwanso ya fito da ƙuraje ƙanana, tsatsa ta ci bango ta yi ramuka, tagulla ta shiga cikinsu ta riƙe. In ya fito da zāne a tsaye, yashi ne. In gindinsa ya baje ya yi sumul, ƙarfin harbi ya wuce kima. Wannan kuwa ya kan faru in aka bar harsashi cikin rana ya yi zafi, domin albarushin kodayit da Ingilishi ke amfani da shi ƙarfinsa na ƙaruwa da zafi. Haka kuma in aka bar mai cikin makwanci ko a jikin harsashi, kwanso ba zai kama bango ba, sai ya zame baya, dukan nauyin ya faɗa kan sakata. Shi ya sa a ke cewa a goge makwanci ya bushe kafin harbi. Wanda ya shafa wa harsashi mai don ya fita da sauƙi, ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Ta uku: in sakata ta komo baya salin-alin amma ta baro kwanso a ciki, sai a dubi leɓensa. In leɓen ya yage, ƙugiya ta yi aikinta, makwanci ne ya ƙi saki. In leɓen lafiya lau, laifin ƙugiya ne: ko bakinta ya cinye, ko ɗan ƙarfen da ke danna ta ya yi sanyi ko ya karye, ko datti ya taru ƙarƙashinta ya hana ta kamawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙarfen nan bai kai nauyin kobo ba, amma in ya karye bindiga ta mutu.

Ta huɗu ita ce mafi muni, watau ƙugiya ta fito da gindin kwanso kaɗai, gangar jikin ta zauna a makwanci kamar zobe, harsashi na biye ya ƙi shiga. Dalilinsa yawanci shi ne ratar da ke tsakanin goshin sakata da bakin makwanci ta yi yawa saboda tsufa ko musayar sakata, kwanso ya miƙe fiye da iyawarsa ya tsinke. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da harsashi da a ke turawa ya kamo ragowar. Amma maganin asali awo ne. Maƙeri yana da ma'auni biyu na ƙarfe: sakata ta kulle a kan mai kaurin inci .064, kada kuma ta kulle a kan mai inci .074. Tsakanin lafiya da haɗari kashi ɗaya ne cikin ɗari na inci. Sabuwar Lee-Enfield mai lamba 4, wadda aka fara yi da yawa cikin 1941, wadda kuma jama'ar Nijeriya suka fi sani da suna Makfo, an yi mata kawunan sakata iri huɗu, masu lamba 0, 1, 2 da 3, kowane ya ɗara na baya tsawo kaɗan. In rata ta yi yawa sai a kwance kai a ɗaura na gaba.

Akwai wata cijewa kuma wadda ba laifin bindiga ba ce ko kaɗan. Harsashin .303 yana da leɓe mai fitowa waje. In aka jera shi ba daidai ba, leɓen na sama ya faɗa bayan leɓen na ƙasa, sakata za ta tura ɗaya ya riƙe ɗaya, duka su tsaya. Maganinsa a yatsun soja ya ke tun lokacin ɗuri. Tsohon harsashi ma yana da tasa cutar. A Indiya sojan Ingila sun daɗe suna ganin kwanso yana tsagewa da kansa lokacin damina, ba su san dalili ba, sai cikin 1921 masana suka gano cewa iskar fitsarin dawaki ce, a wuraren da a ke ajiye harsashi kusa da barga, ke haɗuwa da laima ta ci tagullar da ba a gasa ta huce ba bayan an miƙar da ita.

Cikin dukan waɗannan babu inda duka ke magani. Wanda ya taka mariƙi da ƙafa, ko ya buga shi da dutse, ya iya buɗe bindiga sau ɗaya, amma ya kan yage leɓen kwanso, ko ya karya ƙugiya, ko ya lanƙwasa mariƙin, ƙaramar cuta ta zama babba.

GWAJI A HABASHA DA BAMA

Yaƙin Duniya na Biyu ya gwada wannan horo a wurare biyu masu bambancin hali. Cikin Fabrairu 1941 sojan Nijeriya suka shiga Mogadishu, suka bi Italiyawa wajen mil 1,000 cikin wata guda har Harar ta ƙasar Habasha, a bayan motoci, cikin ƙurar da ta fi ta hunturu. Sa'an nan daga 1943 aka kwashe runduna ta 81, daga baya ta 82, zuwa Indiya, daga can zuwa Bama don yaƙi da Japanawa. A kwarin Kaladan cikin 1944 babu hanyar mota, abinci da harsashi daga jirgin sama a ke jefo musu. Bataliyoyin Nijeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, suka bi Janar Wingate can bayan sahun abokan gaba. A ƙasar nan ruwa ya kan yi watanni yana zuba, fata ta yi fumfuna, itacen bindiga ya kumbura, harsashi ya yi kore a cikin jaka. Maƙeri yana nesa, daji kuwa ya rufe har mutum ba ya ganin abokin gaba sai ya zo kamar nisan jifa. A irin wannan wuri ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da soja ya koya a filin Zariya da Kaduna, na murza makwanci da duba ƙugiya da goge harsashi ɗaya ɗaya, shi ne ya rage masa. Cikin Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung.

Sunayen wuraren nan sun biyo soja gida. Barikin Dalet da ke Kawo, da barikin Kalapanzin, duka a Kaduna, sunayen wurare ne na ƙasar Bama, kamar yadda barikin Chindit na Zariya ke tuna mutanen Wingate. Mutane da yawa suna wucewa ta ƙofarsu kullum ba su san daga inda sunan ya fito ba.

ƘARSHEN ZAMANINTA

Cikin 1956, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta zo Kaduna aka yi mata hawan daba, rundunar ta sami sunan rundunar Sarauniya ta Nijeriya, cikin 1958 kuma ikonta ya komo hannun Gwamnatin Nijeriya. Aka buɗe makarantar horon soja a Kaduna cikin 1960, aka kuma kafa makarantar hafsoshi cikin 1964. A shekarun nan ne bindiga mai ɗura kanta ta fara maye gurbin mai sakata. Cikin 1964 ɗin kuma aka kafa ma'aikatar makamai ta ƙasa a Kakuri, a ƙetaren kogi ta kudu, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. Duk da haka tsohuwar ba ta tafi nan da nan ba. An yi yaƙin basasa da ita daga 1967 zuwa 1970 a ɓangarorin biyu, ta kuma daɗe bayan haka a kafaɗar 'yan sanda. A Indiya ma, 'yan sandan jihar Uttar Pradesh ba su ajiye tasu ba sai cikin Janairu 2020.

Sauyin bindiga bai kashe cutar ba, gama mai ɗura kanta ma tana da makwanci da ƙugiya, sai dai iskar harbi ce ke jan sakatar maimakon hannu. Amirkawa sun ga haka a Biyetnam cikin 1966 da 1967, sa'ad da sabuwar bindigarsu M16 ta riƙa barin kwanso a makwanci ana tsakiyar faɗa. An sauya mata albarushi, an raba ta ba isassun kayan shara, laima kuma ta ci makwancinta. Sai da majalisarsu ta yi bincike cikin 1967, aka shafe makwancin da ƙarfen da ba ya tsatsa, aka raba kayan shara, aka koma koya wa soja abin da kofur na barikin Kaduna ke koya wa 'yan sashensa shekara 40 kafin nan.

Tsofaffin sojan da suka komo daga Bama sun watsu cikin garuruwa, waɗansu suka zama 'yan doka, waɗansu masinjoji da direbobi da masu gadi. Kusan dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Tarihi ya riƙe sunayen janar-janar da na garuruwan da aka ci, bai riƙe sunan maƙerin bataliya ba, ko na sajen da ya hana kurtu cin abinci sai ya sake murza makwanci. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka ga gida sun gan shi ne saboda ranar da suka ɗaga mariƙi suka ja, kwanso ya fita.